Nasiha Ga Matasan Gobir A Kan Ma'aunan Matsi

Ya ku 'ya'yanmu na Gangara da Sabon Birni da Isa, musamman waɗanda Allah Ya nufa da shiga makarantun koyon aikin lafiya a Gwadabawa ko Sakkwato, da ƙannenku da ke ajin ƙarshe na sakandare suna fatan bin sawunku, ina so in yi muku magana a kan wani ɗan babi na ilmin hisabi wanda malamai kan wuce shi da gaggawa don ganin ƙanƙantarsa, ɗalibai kuma su haddace shi daren jarrabawa su manta da shi kafin azahar, alhali kuwa saboda wurin da Allah Ya ajiye mu ya fi zama wajibi a kanmu fiye da mutanen Kano ko na Zariya. Babin shi ne mayar da awon matsi daga wani ma'auni zuwa wani. Matsi kuwa, a istilahin masu wannan ilmi, shi ne ƙarfin da abu ke danna wa abin da ya tare shi, a raba shi bisa faɗin wurin da ya danna, ko jini ne a cikin jijiya, ko iska a cikin taya, ko ruwa a gindin randa.

Dalilin da ya sa na ce ya fi wajaba a kanmu ba ɓoyayye ba ne. Tun da Ingilishi da Faransawa suka raba ƙasar Gobir a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa wancan gefe na Nijar, Sabon Birni ta tsaya a wannan, zumunci da auratayya da cin kasuwa ba su yanke ba, amma makaranta da asibiti kowanne ya bi al'adar wanda ya kafa shi. Sa'an nan daga shekarar 2019, da fitinar 'yan bindiga ta tsananta, dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa ƙasar Gidan Rumji a jihar Maraɗi, suka yi awon ciki a can, suka yi jinya a can, waɗansu suka komo da 'yan littattafansu na asibiti a ƙulle cikin leda. Wanda duk zai zauna a ɗakin shan magani na wannan yanki, ba makawa wata rana a miƙo masa irin wannan littafi, ya buɗe ya ga an rubuta 12/8 a gurbin da ya saba ganin 120/80.

Asirin wannan ba shi da wuya. Mu a Nijeriya muna faɗin awon jini da milimita na zaiba, wanda ake taƙaitawa mmHg, su kuwa waɗanda suka yi karatu bisa tafarkin Faransa sun saba faɗinsa da santimita na zaiba, wato su yar da sifiri ɗaya, har tsohuwa a Maraɗi takan ce tansiyonta ya kai goma sha shida, kowa kuma ya gane tana nufin 160. Da abin ya tsaya nan, da ban wahalar da alƙalamina ba. Amma ga na'urorin awon jini masu batir sun cika kasuwa, da yawansu ƙirar ƙasar Sin, waɗansunsu kuma suna da maɓallin da in an danna shi, ko da bisa kuskure ne, sai su daina nuna milimita na zaiba su koma nuna kilopaskal, kPa, wanda shi ne ma'aunin masu kimiyya. To, ku dubi abin mamaki: awon lafiyayyen mutum, 120/80, idan aka mayar da shi kilopaskal sai ya zama 16 bisa 10.7, wanda mai gaggawa zai rubuta 16/11. Ita kuma mace mai tsohon ciki wadda ungozomar ƙetare ta rubuta mata 16/11, awonta 160/110 ne, wato haddin da likitoci suka yi ittifaƙi a kan cewa daga nan ana tsoron jijjiga da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, ba a kwana da ita a gida. Rubutu ɗaya, lambobi ɗaya, a wata takarda bushara ce, a wata kuma gargaɗi ne mai tsanani, babu abin da ya raba su sai haruffa uku ko huɗu da mai rubutu ya ga ba su cancanci tawadarsa ba. Haka kuma 12/8, wanda lafiya ce a bakin mutumin Nijar, in da na'ura ce ta nuna shi a kilopaskal to 90/60 ke nan, awon da ga macen da ta haihu tana zubar da jini ya isa ya hana ungozoma barci.

Ɗan kasuwarmu da ke cin kasuwannin bakin iyaka, in aka ce masa dubu goma, ba ya miƙa hannu sai ya tambaya Naira ko Sefa, ba kuwa wanda ya taɓa zarginsa da jahilci don ya yi wannan tambaya. Ku ma ku riƙi wannan ɗabi'a, tare da cewa ku kun fi shi sauƙi, domin canjin kuɗi yana hawa da sauka tsakanin safe da maraice, canjin ma'aunan matsi kuwa yadda kuka koye shi yau haka jikokinku za su tarar da shi.

Amma haddar da ba ta da asali ba ta daɗewa a ka, saboda haka bari in koma da ku baya kaɗan. Masu haƙar rijiyoyi a ƙasar Italiya sun daɗe da lura cewa famfon da ke zuƙo ruwa daga sama ba ya iya ɗago shi fiye da kimanin mita 10, komai ƙarfin mai bugawa, kuma manoman rani na fadamar Gulbin Rima sun san wannan da injinansu na ban-ruwa, waɗanda in ruwa ya yi nisa ƙwarai sai a haƙa musu rami a saukar da su kusa da shi. Wani almajirin Galileo mai suna Torricelli, a wajen shekarar 1643, shi ya fahimci cewa ba famfon ke jan ruwa ba, nauyin iskar da ke bisa kanmu ne ke tura shi, kuma wannan nauyi yana da iyaka. Ya ɗauki dogon bututun gilashi mai toshiyar kai, ya cika shi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, sai ta sauka ta tsaya a tsayin kimanin milimita 760. A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa mijin yayarsa ya hau da irin wannan bututu bisa dutsen Puy de Dôme, zaiba ta sauka da kimanin inci 3, aka tabbata iska tana da nauyi kuma nauyinta yana raguwa in an yi sama. Tun daga nan mutane suka saba faɗin matsi da tsayi, wato su ce matsin da zai iya ɗaga zaiba ko ruwa zuwa tsayi kaza.

Me ya sa zaiba ta tsaya a 760 ruwa kuwa sai ya kai mita 10 da ɗoriya? Domin zaiba ta fi ruwa nauyi ninki 13.6. A nan ya kamata ku san cewa malaman Musulunci sun riga Turai auna wannan da ƙarnuka: Al-Biruni ya auna nauyin ma'adinai bisa ƙiyasin ruwa, Al-Khazini kuma, a littafinsa Mizanul Hikma da ya wallafa a birnin Marwa a wajen shekarar 1121, ya kawo wa zaiba adadin da bai saɓa wa na yau ba sai da ɗan kaɗan. Ban kawo wannan don alfahari ba, domin alfahari da kakanni bai taɓa auna wa kowa jini ba. Na kawo shi ne don kada wani ya ce muku tsananta bincike a kan awo baƙon abu ne a gare mu, mu da aka saukar mana da sura mai sunan masu tauye mudu, kuma Imamu Gazali ya lissafa ɗibbu da hisabi cikin farillan kifaya.

Shigar wannan awo cikin likitanci kuwa a hankali ta faru. Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya wallafa a 1733 cewa ya sa bututu a jijiyar goɗiya, jini ya hau fiye da ƙafa 8. Da yake ba a iya yawo da bututu mai wannan tsawo, sai Poiseuille na Faransa a 1828 ya yi amfani da zaiba don ta gajarta shi, daga nan milimita na zaiba ya zama harshen likitoci. Riva-Rocci na Italiya ya kawo ɗamarar da ake hura wa iska a dantse a 1896, Korotkoff na Rasha kuma a 1905 ya gano sautin da kuke saurara a gwiwar hannu, wanda farkonsa ke ba da lambar sama, ɓacewarsa ta ba da ta ƙasa. Saboda haka in kun ce awon mutum 120 ne, ma'anarsa zuciyarsa tana tura jini da ƙarfin da zai ɗaga zaiba santimita 12, ko ya ɗaga ruwa santimita 163, kusan tsayin mutumin kansa. Masu kimiyya kuwa ba su gamsu da ma'aunin da ya dogara ga wani ruwa ba, tun da nauyin ruwa yana ɗan sauyawa da zafi da sanyi, sai babban taron ma'aunai na duniya ya tabbatar da paskal a 1971, wato ƙarfin niyuton ɗaya bisa murabba'in mita ɗaya. Paskal ƙanƙane ne ƙwarai, har milimita ɗaya na zaiba ya ƙunshi 133 da 'yan kai, shi ya sa ake tara dubu a ce kilopaskal.

Abin da zan roƙe ku ku haddace kaɗan ne, bai kai tsawon addu'ar shiga kasuwa ba. Kilopaskal ɗaya milimita 7.5 ne na zaiba. In za ku tafi daga kilopaskal zuwa milimita ku ninka, in za ku komo ku raba. Milimita ɗaya na zaiba santimita 1.36 ne na ruwa, wanda ba wani abu ba ne illa 13.6 ɗin nan da muka ambata. Nauyin iska a bakin teku shi ne 760 na zaiba, shi ne kilopaskal 101.3, shi ne bar ɗaya da ɗan ƙari kaɗan, domin bar kilopaskal 100 ne cif. Bar ɗaya kuma 14.5 ne a ma'aunin psi, wato fam bisa murabba'in inci, wanda mai faci yake aiki da shi. In ya ce ya sa wa tayar ƙaramar mota 32, to bar 2.2 ke nan, ko kilopaskal 220, yadda za ku gani a rubuce a jikin ƙofar waɗansu motoci. Wanda ya riƙe waɗannan, sauran duk zai iya fitar da su da alƙalami a bayan katin majiyyaci.

Santimita na ruwa, cmH2O, za ku gamu da shi a wuraren da matsi yake da rauni har zaiba ba za ta nuna shi sosai ba. Mu da muke tsakiyar yankin sanƙarau, waɗanda manyanmu ba su manta annobar 1996 ba, mu kuma muka ga ta 2017 a Zamfara da Sakkwato, mun san allurar da ake yi a gadon baya a ɗebo ruwan laka. Matsin wannan ruwa da santimita na ruwa ake faɗinsa, wani littafi ya ce 20, wani ya ce 200 domin shi da milimita na ruwa ya ƙirga, wani kuma ya ce 15 domin ya mayar da shi zaiba, duk kuwa abu ɗaya suke nufi. Haka jaririn da bai cika wata ba, wanda ake taimaka wa numfashinsa da bututun da aka tsoma bakinsa cikin kwalbar ruwa: zurfin da aka tsoma shi, a ce santimita 5, shi ne matsin da ke riƙe huhunsa a buɗe, kimanin rabin kilopaskal ke nan. Wanda ya ɗauki wannan 5 a matsayin kilopaskal ya ninka abin da aka umarce shi sau goma, huhun bakwaini kuwa ba ya jure irin wannan.

Waɗanda a cikinku za su kai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su tarar da wani saɓanin a cikin littattafansu kansu, domin littattafan Ingila suna faɗin matsin iskokin da ke narke a jini da kilopaskal, na Amurka kuwa da milimita na zaiba. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, haddinta ga lafiyayye 4.7 zuwa 6 ne a wajen waɗancan, 35 zuwa 45 a wajen waɗannan; oksijin kuma in ya faɗi ƙasa da 8, wato 60, an ce numfashi ya gaza. Ɗalibin da ya haddace lamba daga wannan littafi ya je ya karanta sakamakon na'urar da ke bin wancan, zai firgita inda babu abin firgita, ko ya natsu inda natsuwa haramun ce.

Amma inda na fi so ku dakata ku yi tunani shi ne tukunyar oksijin, domin a nan ne lissafi yake zama lokaci, lokaci kuma ya zama rai. Agogon da ke kan tukunyar wani da bar aka zana shi, wani da psi, wani da megapaskal, MPa, wani kuma yana ɗauke da layi biyu, baƙi da ja, ɗaya cikin ɗaya. Tukunyar da aka cika zuwa bar 150, a wani agogon za ta nuna kusan 2,200, a wani kuma 15 kacal. Bisa ƙa'idar da Robert Boyle ya bayyana a 1662, in kun ninka girman cikin tukunya da adadin bar za ku sami kimanin litar iskar da ke ciki: tukunya mai cin lita 10, a bar 150, tana ɗauke da kamar lita 1,500, wadda in ana ba majiyyaci lita 5 a minti za ta kai shi sa'a 5. Yanzu ku ƙaddara an ce ku raka majiyyaci daga Sabon Birni zuwa Sakkwato, kuka dubi agogon irin wannan tukunya kuka ga allura a kan 500, zuciyarku ta yi sanyi don ganin lamba mai yawa, alhali layin psi kuka karanta. Ku raba 500 da 14.5, bar 34 ke nan, lita 340, abin da bai wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma kowa ya san ba a cinye wannan hanya cikin sa'a ɗaya ko a zamanin da take lafiya, balle yanzu da ake tsayawa a shingaye, wani lokaci a jira rakiya. Wannan lissafi a tsakar asibiti ake yinsa kafin direba ya ta da mota, ba a Goronyo ba bayan allura ta kwanta.

Akwai wata daƙiƙar mas'ala da zan taɓa a gurguje. Agogon taya da na tukunya da na awon jini duk suna fara ƙirga ne daga nauyin iskar da ke kewaye da mu, wato sifirinsu ba sifiri ba ne na haƙiƙa; masu kimiyya kuwa, in suna lissafin iskoki, daga inda babu iska sam suke farawa. Saboda haka kafin ku sa lambar agogo cikin ƙa'idar da kuka koya a ajin kimiyya, ku tambayi kanku ko sai an ƙara mata nauyin iska tukuna. A kan tukunya mai bar 150 bambancin bar ɗaya ba kome ba ne, amma a ƙananan lambobi yana rushe amsa baki ɗaya.

Na san wani a cikinku zai ce, Baba, ai wayar da ke aljihuna tana yin duk wannan kafin ƙiftawar ido. Gaskiya ne, kuma ban hana ku ba. Sai dai waya tana amsa tambayar da aka yi mata ne, ba ta san wadda ya kamata a yi ba. In ka ce mata 16 kilopaskal ne alhali santimita na zaiba ne, za ta ba ka 120 da ɗigo da lambobi shida a bayansa, ka ɗauka tahaƙiƙi ne saboda tsawon jelarsa. Ga kuma abin da kuka fi ni sani, cewa a 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomin nan namu na tsawon lokaci saboda sha'anin tsaro, caji ma ba kullum ake samunsa ba. Wanda ya san girman abu a ƙiyasce, ya san jinin ɗan Adam ba ya zama 16 a milimita, taya ba ta ɗaukar bar 32, shi ne waya ke yi wa amfani.

Ra'ayina kuma, in kun tambaye ni, shi ne kada ku yi ta juya ma'auni don nuna gwaninta. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa duniya tana barin na'urorin da ke da zaiba a cikinsu saboda gubarta, amma likitocin duniya ba su bar milimita na zaiba ba, kuma daidai suka yi, domin haddodin da aka gina magani a kansu, irin su 140/90 na hawan jini da 21 na matsin ido, da wannan ma'auni aka san su, sauya su kuwa zai haifar da kuskuren da ya fi amfaninsa yawa. Ku bar kowane fanni da ma'auninsa, ku juya kawai in larura ta kama, in kun juya kuma ku rubuta na asali da sabon gefe da gefe, don wanda ya zo bayanku ya iya binciken aikinku. Idan takarda ta zo muku da lamba tsirara, ba ku san wanda ya rubuta ba, ba ku san na'urarsa ba, to hukuncinta hukuncin labarin da ba shi da isnadi: ba a ƙaryata shi, ba a kuma gina hukunci a kansa. Majiyyaci yana gabanku, dantsensa yana tare da shi, ku zaunar da shi ya huta minti 5 ku sake awo da kanku, in mai ciki ce kuwa ku ɗauki mafi munin fassarar biyu har awonku ya kore ta.

Roƙona gare ku biyu ne, kuma ba sai kun karɓi takardar shaida za ku fara ba. Duk gidan da kuka san akwai dattijo ko dattijuwa mai na'urar awon jini, in kun je gaisuwa ku karɓa ku duba haruffan da ke gefen lambar, in kPa ne ku mayar musu da ita mmHg, ku nuna wa mai kula da su maɓallin don kada a sake taɓa shi. Sa'an nan duk takardar da za ta fita daga hannunku, ko za ta Sakkwato ko za ta tsallaka Maraɗi, ku cika lambar, ku rubuta ma'auninta a gefenta da haruffan da makaho-makaho zai iya karantawa, ku sa sa'ar da kuka yi awon. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir.